Wace Hular Kwano Ce Ba Ta Cika Kunne da Ƙugin Iska?

Tambaya: Wani ma'aikaci da ke zaune a Gombe yana aiki a Bajoga ya rubuto cewa a kan Boxer yake zuwa ya dawo, kuma hular kwanon da aka haɗo masa da babur ɗin ta dame shi. Ƙugin iska yana cika masa kunne, in ya sauka kunnen ya yi ta yin shuuu har dare, goshinsa ya yi ja, gumi kuma ba magana. Yana tambaya wace iri zai saya wadda ba ta da ƙara kuma ba ta takura kai.

Amsa: Malam, kafin mu zo kan wadda za ka saya, wannan shuuu da kake ji bayan ka sauka shi ya fi damuna. Alama ce kunnen yana shan ƙarar da ta fi ƙarfinsa. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu siririn gashi, su ne ke ɗaukar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su, in abin ya yi ta maimaituwa su mutu, kuma ba sa sake fitowa. Masu kula da lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Gwaje-gwajen da aka yi a kunnen mahaya babur sun nuna cewa a gudun kilomita 60 a awa ƙarar cikin hula takan kai wajen desibel 90, a kilomita 100 ta doshi 100. Ka lissafa tafiyarka zuwa da dawowa, za ka ga kana wuce iyaka kusan kullum. In shuuu ɗin ya fara kwana da kai, ko ka lura sai an maimaita maka magana a cikin taro, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a auna maka ji.

Da yawa suna zaton ƙarar injin ce ke damunsu. A cikin gari haka ne. Amma da ka fita sarari ka wuce kilomita 60, iska ce ke rinjaye, kuma akasarinta ba ta gaba take shiga ba, ta ƙasa take shiga. Iskar da ta daki ƙirjinka da kafaɗunka tana tashi sama, ta haɗu da wadda ke ratsa gefen hular, su yi ta jujjuyawa a bakin hular tsakanin haɓa da wuya. Abin da ke faruwa idan yaro ya busa bakin kwalba shi ke faruwa a nan, sai dai kai kanka yana cikin kwalbar. Wannan shi ne ƙugin nan mai kauri da ke sa kai ya yi nauyi. Kana iya tabbatarwa da kanka: ka naɗa ƙyalle mai kauri a wuya yadda zai cike gurbin da ke tsakanin hular da kafaɗa, ka cusa bakinsa cikin riga sosai don kada ya saki ya kama taya ko sarƙa, sannan ka bi hanyar da ka saba a gudun da ka saba. In ƙugin ya ragu, ka gano ƙofar da yake shiga. Ƙara ta biyu ita ce fito, wato siririyar ƙara mai huda kunne, ita kuma daga gilashin da bai zauna daidai kan robarsa ba take fitowa, ko daga ramukan shan iska, ko wani abu da ya turo a jikin hular.

Wannan ya sa amsar ba ta cikin tsada ko sunan kamfani. Hular da ta kama kai ta kuma rufe wuya za ta fi wadda ta ninka ta kuɗi shiru in waccan ta yi maka yawa.

Ga mai doguwar hanya irinka, mai rufe fuska gaba ɗaya za ka nema, wadda haɓarta ke haɗe da jikinta. Ita ta fi kowace shiru domin ba ta da mahaɗa da yawa, ita kuma ta fi kariya. Binciken haɗurra da aka yi a Jamus ya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na bugun da hula ke sha a ɓangaren haɓa yake sauka. Mai ɗaga haɓa tana da daɗin sha'ani, ka tsaya ka gaisa ko ka sha ruwa ba ka cire ba, amma tana da tsaga ta kowane gefe inda iska ke kutsawa, ta kuma fi nauyi, sai dai masu tsada da aka ƙera da kulawa. Buɗaɗɗiya marar haɓa ta cikin gari ce. Ta masu tseren daji, mai rumfa a goshi, iska tana kama rumfar ta riƙa fizgar kai baya, kafin ka kai Malam Sidi wuyanka ya gaji. Rabin kai da hular 'yan gini kuwa kada ma ka sa su a lissafi. Tun da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a farkon shekarar 2009 kasuwa ta cika da irin waɗannan, da aka yi don a wuce shingen jami'ai kawai.

Sai awo, kuma nan ne kusan kowa ke yin kuskure. Ka samu tef ɗin tela, ka zagaye kanka da shi wajen santimita 2 sama da gira, ya bi ta saman kunnuwa ya ratsa inda ƙeya ta fi tudu. Ka auna sau biyu ko uku ka ɗauki mafi girma. A yawancin kamfanoni santimita 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Ka auna kai kamar yadda yake yawancin lokaci. In mai yawan aski ne kai, kada ka auna ranar da suma ta taru. Wannan lambar mafari ce kawai, domin kawuna ba su da siffa ɗaya. Wani kansa zagayayye ne, wani dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, hulunan ma haka ake ƙera cikinsu. Jan goshin da ka ambata yana nuna mai yiwuwa kanka dogo ne hular kuma zagayayyiya: tana matse goshi da ƙeya, ta bar fili a gefen kunnuwa, filin nan kuma shi iska ke cikawa. Ka ga ciwon goshin da ƙarar tushensu ɗaya. Abin da mutane ke yi sai su ƙaro lamba ɗaya don goshin ya huta, sai filin gefe ya ƙaru, ƙarar ta ƙaru, hular ta fara rawa. Maganin shi ne a canza kamfani ko samfuri, a bar lambar yadda take.

Kada ka saya ba ka gwada ba, kuma kada ka aiki yaro. Ka kama igiyoyin biyu ka ɗan buɗa bakin hular, ka sa. Sabuwar hula mai daidai tana ɗan wahalar shiga, tana naɗe kunne sai ka gyara da yatsa. In ta faɗa kai salin alin, ta yi yawa. Bakin gabanta ya zauna kamar faɗin yatsu biyu sama da gira. Soson kumatu ya danna kumatun har ka ji kamar za ka ciji cikin bakinka in ka yi tauna. Ka ɗaure igiya, ka riƙe hular da hannu biyu ka juya ta hagu da dama: fatar goshi da kumatu su bi ta, kada ta zame a kansu. Ka gwada cusa yatsa tsakanin goshi da soso, bai kamata ya shiga cikin sauƙi ba. Ka sunkuyar da kai, wani ya kama ta ta ƙeya ya yi ƙoƙarin mirgino ta gaba; in ta fita ko ta kusa fita, ka ajiye musu. Ka tura haɓar hular zuwa fuskarka, kada ta taɓa hanci ko leɓe. Bayan duk wannan ka zauna da ita a kai minti 15 zuwa 20 a shagon, ko da mai shago ya ƙosa. Matsi da ya bazu ko'ina daidai ne, don soso yana kwanciya bayan 'yan makonni. Zafin da ya taru a wuri ɗaya, a tsakiyar goshi ko saman kunne, ba ya tafiya, ƙaruwa yake yi da tsawon hanya. In kana sa tabarau, da shi za ka gwada.

Akwai abin da ya shafe mu nan musamman: hular gargajiya. Mutum zai tafi ofis da zanna ko kube, sai ya sayi hular kwano mai girman da za ta hau kanta. Wannan yana ɓata komai. Ɗinkin hular yana danna goshi, taurinta yana hana soso kama kai, in aka faɗi kuma hular kwanon tana zamewa a kanta. Ka sa hularka a jaka ko cikin riga, in ka isa ka ɗora. Abin da ya dace a sa a ƙarƙashi shi ne siririyar hular auduga marar kauri, wadda za ta sha gumi a wanke ta kullum. Ga mata, siririn hijabi ba ya hana komai, amma ƙullin ɗankwali ko tulin kitso a tsakar kai yana hanawa, sai a sauko da shi ƙeya.

Da ka samu wadda ta kama kai, ka juya ta ka dubi bakinta ta ƙasa. Kana neman soso mai kauri da ya zagaye wuya ya rage faɗin bakin, da ɗan labule na ƙyalle ko fata a ƙarƙashin haɓa. Wannan ɗan labulen, duk ƙanƙantarsa, yana cikin abubuwan da suka fi rage ƙugi, yana kuma hana ƙurar tirelolin siminti tashi ta shiga ido ta ƙasa. Sannan ka rufe gilashin ka ɗaga hular zuwa haske ka bi robar da ke zagaye da shi da ido. Ko ka sa siririyar takarda tsakanin gilashi da roba ka rufe ka ja. Inda takardar ta zare ba tare da turjiya ba, nan fito zai fito. Gilashi mai kyau yana yin ƙas idan ya rufe, ba ya karkarwa in ka ƙwanƙwasa shi. Jikin hular ya zama sumul, ba ƙahonni da fukafukan ado. Nauyin mai rufe fuska yakan kama daga kilo 1.3 zuwa 1.7, wadda ta wuce haka za ka ji ta a wuya, wadda kuma ta yi sakayau ƙwarai alhali mai arha ce, to an rage wani abu a cikinta.

Batun gumi sai an yi haƙuri da gaskiya: shiru da sanyi ba sa cika zama wuri ɗaya. Duk ramin da ke shigo da iska yana shigo da ƙara. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai digiri 40, hular da aka toshe ko'ina ba ta sawuwa, kuma hular da aka rataye a hannun babur saboda zafi ba ta kare kowa. Don haka ka nemi mai ramukan da ake buɗewa a rufe: ɗaya a haɓa, ɗaya ko biyu a saman goshi, da mafita a baya. Mafitar bayan ita ke zuƙe iska mai zafi, in babu ita na gaban ba sa aiki sosai. Ka ɗaga ƙyallen ciki ka duba ko ramukan sun huda har cikin farin soso mai tauri da ke ƙarƙashinsa, kuma ko akwai 'yan hanyoyi da aka sassaƙa a jikinsa daga gaba zuwa baya. A hulunan arha da yawa maɓallin ado ne kawai, ba rami a ƙarƙashinsa. Da bazara ka buɗe ramuka ka cire labulen haɓa in mai cirewa ne, da hunturu ka mayar ka rufe. Ƙyallen ciki ya zama mai cirewa don wanki. Fara ko mai haske ta fi baƙa, ba don sanyi kaɗai ba, domin soson ciki yana tare yawancin zafin ranar. Babban amfaninta direban da ke tahowa cikin hazo yana hango ka da wuri.

Duk wannan bai da amfani in hular ba ta kare kai. Abin da ke ceton rai shi ne farin soso mai tauri da ke tsakanin ɓawon waje da ƙyallen ciki, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali amma ya fi shi matsewa. Shi ke murƙushewa ya shanye bugu. Ka ɗaga ƙyallen ka gan shi da idonka, kaurinsa kada ya gaza santimita 2, ka danna da babban yatsa ka ji tauri. In laushin katifa ka ji, ko ka taɓo ɓawon kai tsaye, ba hular kwano ba ce. Tambarin DOT na Amurka da ake mannawa a baya kamfani ne ke sa wa kansa, kuma sitika ce da kowa zai iya bugawa. Na Turai, ECE, ya fi wuyar kwaikwayo: ɗan farin ƙyalle ne da ake ɗinkewa a jikin igiya, da harafin E da lamba a cikin da'ira, sannan doguwar lamba mai farawa da 05 ko 06. Ta 06 ita ce sabuwar ƙa'ida mai tsauraran gwaji. A cikin lambar za ka ga harafin P in an gwada haɓar ta tsallake, NP in haɓar ba ta kariya ba ce, J in buɗaɗɗiya ce. Hulunan Indiya irin su Studds da Steelbird suna zuwa da tambarin ISI. Su LS2, MT da HJC suna da masu matsakaicin kuɗi, su Shoei, Arai da Schuberth na manyan kuɗi ne, kuma duk sunan da ya yi fice akwai jabunsa, don haka ka yarda da abin da ka gani a ciki fiye da abin da aka rubuta a waje. Igiya ta zama an kafe ta da ƙarfe a jikin ɓawon, maɗaurinta ko zobba biyu na ƙarfe ko mai haƙora da ke shiga ya kama. Ka ɗaure yadda yatsu biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta ambata sun ce hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai da kusan kashi 69, amma wannan ga hular kirki ce da aka ɗaure.

Ko ka samu mafi shirun hula, a gudun babbar hanya ba za ta sauko da ƙarar ƙasa da iyakar lafiya ita kaɗai ba. Bambancin hula da hula 'yan desibel ne, abin toshe kunne kuwa yana rage 20 zuwa 30 in an sa shi daidai. Na soso, irin wanda ma'aikatan masana'anta ke sawa, ya wadatar. Ka tambaya wajen masu sayar da kayan kariya na ma'aikata ko manyan kantunan magani. Sawar ce ke da ƙa'ida. Da hannu mai tsabta ka murza shi ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ka tura shi ciki, ka riƙe da yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. In wanda ke gabanka yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba, kuma hular za ta fizge shi. Ka canza shi da ya yi datti ko ya daina kumbura, kada ka sa in kunnen yana ciwo ko yana ruwa. Tsoron da ake yi shi ne ba za a ji hon ba. Ana ji, domin ƙugin da ke danne komai shi ma ya ragu, kuma kunnen da bai gaji ba ya fi tantance sauti. Ga mai yawo cikin cunkoson gari a hankali ba lallai ba ne, na hanya ne. Auduga ba ta rage abin kirki. Sa waƙa ko karatu a kunne a ƙure murya don a danne iska kuwa ƙara ce aka ɗora kan ƙara.

Ka dubi babur ɗin ma da tufafinka. Wasu suna ɗaura dogon gilashi a gaba don tare iska, sai ya zama bakinsa na sama yana watso rikitacciyar iska daidai haɓar hular, ƙarar ta fi ta da. In kana da shi, ka cire ka gwada rana ɗaya. Riga mai faɗi da ke kaɗawa a kafaɗa, da kwalar da ke tsaye a buɗe, suna ƙara rikita iskar wuya. Jaket da aka zuge har sama yana gyara wannan.

Ƙurar hunturu ita ke kashe gilashi. Kada ka goge shi a bushe da hannun riga, ƙurar tana kankare shi, da dare fitilar mota ta tarwatse a idonka. Ka zuba ruwa tukuna, ko ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai minti biyu, sannan ka share da mai laushi. Baƙin gilashi na rana ne kawai; in kana dawowa bayan magariba, fari za ka sa, ko ka nemi hula mai ƙaramin baƙin gilashi a ciki da ake saukewa a mayar, kuma ka tambayi mai shago ko ana samun gilashin canji na wannan samfurin kafin ka biya. Ƙyallen ciki ka wanke da sabulu marar ƙarfi ka shanya a inuwa. Fetur, kananzir da tina (ruwan tsinka fenti) suna narkar da farin soson nan, suna kuma raunana ɓawon roba, don haka kada a goge ta da su, kada a yi mata fenti, kada a kife ta kan murfin tanki. Rataye ta a kan madubi yana lotsa soson daga ciki daidai tsakar kai.

Farin soson sau ɗaya yake aiki. In ka faɗi kanka ya bugu da ita, ta gama, ko da waje bai nuna komai ba, domin inda ya murƙushe ba ya dawowa. Shi ya sa ta gwanjo, duk kyawun sunanta, caca ce: ba ka san abin da ta gani ba, kuma soson kumatunta ya riga ya kwanta da siffar kan wani, ba za ta rufe naka ba. Ko ba a faɗi ba, kamfanoni suna ba da shawarar canji bayan kamar shekara 5 ana amfani, mai sawa kullum cikin gumi da rana kuma tasa takan saki kafin haka. Yawancin hulunan kirki suna da 'yar takarda a ƙarƙashin ƙyallen ciki mai nuna wata da shekarar da aka ƙera su, ka ɗaga ka duba ko da sabuwa ce a kwali.